Na'urar da Ba Ta Yanka

Malumfashi, Nuwamba 1986

Ƙanena Mark,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya sanyin Ingila da karatu?

Ka yi ɓarna. Likitan Zariya ya ce a cire wa Liatu ƙarin da ke nononta tun bai bazu ba, har an sa rana. Sai ga wasiƙarka, wai kun samu na'urar da ke tara sauti wuri guda ta ƙone ƙari ba tare da wuƙa ba. Ka san Baba da wasiƙarka: bai buɗe ta a gida ba, sai da aka tashi sujada ya karanta wa jama'a a ƙofar coci. Mata suka yi guɗa. Yanzu mijinta Atu ya ƙi dangwala wa takardar tiyata yatsa. Ya ce ba za a yanka masa mata kamar akuya ba alhali surukinsa na da injin.

Ƙanwarmu ce, Mark, ba darasin ajinku ba. Rubuto ka warware.

Yayarka,
Rahab

*

Landan, Disamba 1986

Yaya Rahab,

Na gaishe ki da girmamawa. Ai na rubuta cewa gwaji ake yi, yawanci a kan dabbobi. Ƙarfafa mata zuciya kawai na so. Ilimin gaskiya ne, Yaya, kamar yadda gilashi ke tara hasken rana ya ƙone takarda. Nan da wasu shekaru za ki gani. Ki yi musu bayani, ke malama ce.

Naki,
Mark

*

Malumfashi, Janairu 1987

Mark,

Na gaishe ka.

Ilimin ba baƙona ba ne, na karanta mujallar da ka aiko har ƙarshe. Shekarun ne Liatu ba ta da su. Na je Tsiga, gidan mijinta, na yi bayani har muryata ta dishe. Atu ya ce, "Malama, ke kika je Turai ko shi?" Baba kuwa ya ce layin dabbobin ya tsallake shi ne don bai dace a ƙofar coci ba!

Liatu ta tsinci audugar bana da hannu ɗaya, ɗayan ba ya ɗaguwa. Ƙarin ya fashe, ni nake wanke mata shi.

Ba ni za ka rubuta wa ba. Ka rubuta wa Baba, gajere, ba tare da "wataƙila" ba: A YANKA.

Rahab

*

Malumfashi, Maris 1987

Mark,

Saƙonka ya iso, Atu ya dangwala. Likita ya duba Liatu ya ce ƙarin ya shiga ƙashi, mu maido ta gida.

Kullum da safe tana tambayata ko na'urarka ta sauka Legas. Ina ce mata tana cikin jirgin ruwa. Tun tana goye a bayana ban taɓa yi mata ƙarya ba sai yanzu.

Ka taho. Kai za ka amsa mata.

Allah ya kawo ka tana da rai.

Rahab