Yafiyar da Kika Aika wa Farfesa

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Autarki ce, Hadiza, daga unguwar Pantai Dalam a nan ƙasar waje inda nake karatu, ɗakin nan na hawa na tara da kike cewa ko tsuntsu sai ya huta kafin ya iso.

Shekara ɗaya da rabi ke nan ina ɗauke da wata magana. A bainar jama'a zan sauke ta, don ƙaryar ma ba tsakaninmu ta tsaya ba, ta zagaye dangi kaf.

Kin tuna farkon shekarar korona, da kika ce in zo gida hutu, kina son ganina kafin azumi? Na amsa, har Yaya Bilki ta share mini ɗaki. Ana saura kwana biyar na kira ki na ce Farfesa, malamin da ke duba aikin digirina, ya hana, wai sai na gama babi na uku, don haka na ɗaga tafiyar da mako biyu.

Umma, Farfesa bai hana ni ba. Shi ya sa mini hannu a takardar hutu, har ya ce in gaishe ki.

Biki na tafi. Ƙawata Rahila, 'yar Jos da ke zaune a unguwar Setapak, ita ta fara jana ajin wata rawar Turawan da, ana ce mata suwin: mutum biyu su riƙe hannu, a saki, a juya, a sake cafkewa. Ni ɗin nan da ko a gidan biki sai an ja ni fili, sai ga rawa ta shiga raina. Da aka ce za a yi taronta na kwana uku a wani gari a bakin teku, na ce a zuciyata mako biyu ne fa, Kano ba guduwa za ta yi ba.

An kafa dandamalin katako a kan yashi. Ga garmaho mai ƙaton baki irin wanda Baba ya ajiye a saman sif, ga masu busa ƙaho da fararen riguna sun jiƙe sharkaf da gumi. Ƙa'idar taron kowa ya yi shigar mutanen da. Sai na buɗe hoton aurenki da ke wayata, na yi ɗaurin ture-ka-ga-tsiya sak irin naki. Aka yi ta ɗaukata hoto, duk wanda ya tambaya in ce ɗaurin mahaifiyata ne, bakina har kunne. Kin ji rashin kunya ko?

Da mata kaɗai na yi rawa, yawanci da wata tsohuwa 'yar Sin mai jan takalmi da ke tafa mini in na dace da kiɗa. Da wannan na dinga lallashin kaina, kamar a nan laifin yake. Kuma ba zan ƙara miki wata ƙaryar ba: na ji daɗi sosai. Ko yanzu in kiɗan ya faɗo mini a rai sai ƙafata ta motsa, in ji kamar in tsine mata.

Ranar Juma'a da la'asar kika kira. Na ruga bayan wani kedai, wato ɗan shagon nan, mai sayar da kwakwa, inda kiɗa ba ya isowa. Kika tambayi ƙarar me ce wannan, na ce fankar laburare ce, alhali teku ne. Kika ce tun asuba kin sa an soya waina, za a raba wa maƙwabta sadaka don Allah ya tausasa zuciyar malamin nan nawa. Na ce amin, Umma. Da bakina na ce amin, na koma fili.

Kwana huɗu da dawowata aka rufe ƙasa. Babu jirgi, babu fita sai sayen abinci. Mako biyuna ya zama wata biyu, ana goma ga azumi Yaya Bilki ta kira ni tana kuka.

Kin san wanda ya riƙe ni a zaman makoki? Farfesa. Kwana bakwai shi da matarsa suna kawo abincin buɗa-baki su ajiye wajen mai gadi, su tsaya nesa da takunkumi a fuska su ɗaga mini hannu. A gida kuwa ana ta ambatonsa, mugun malamin da ya hana yarinya ganin uwarta. Ina ci, ina ji, ina shiru.

Makon jiya na kare aikin digirina a gaban malamai ta kwamfuta, an ce na ci. Na tura wa 'yan uwa shafin godiya su gani. Yaya Bilki ta ce in cire sunan mutumin nan, Allah ya isa tsakaninta da shi har gaban abada. Allah ya isa fa, Umma, a kan dattijon da ya ciyar da ni! Nan ma na yi shiru, sai dai daga ranar ko madubi ba na son kallo. Na san za ta karanta wannan, ita da su Kawu. Duk abin da suka ce mini na cancanta. Gobe kuma zan je ofishin Farfesa in faɗa masa da bakina.

Saƙon muryarki na ƙarshe yana nan, na ji shi ya fi a ƙirga. Muryarki ta dushe, kina hutawa tsakanin kalmomi. Kika ce: "Auta, kada ki riƙe malamin nan a rai. Aikinsa ya yi. Ki ce masa ni na yafe masa."

Ban taɓa isar da saƙon ba, don ba shi da laifin da za a yafe masa. Wadda ta hana ni zuwa kika yafe wa, sunanta ne ba ki sani ba. Ummata, yafiyar tana hannuna har yau, ba ta da mai ita. Ban nema ba lokacin da kike iya ji. Ko zan iya riƙe ta?

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa ladar wainar nan ta riske ki cikakkiya. Ya saka wa Farfesa da alheri, ni kuma ya shirye ni.

Taki mai sunkuyar da kai,
Auta.