"Zai Hau" Ba Lambar Fulogi Ba Ce

Zuwa ga Shugaban Masu Sayar da Kayan Gyaran Mota na Layin Gareji, Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, na zaɓi in yi maka magana a fili ne domin sau biyu na same ka a keɓe, sau biyu ka sallame ni da "a yi haƙuri, ƙaddara ce." Na yi imani da ƙaddara. Amma kafin in yi ritaya aikina gyaran kuskuren rubutu ne a gidan jarida, kuma aikin ya koya mini cewa kowane kuskure yana da mai shi.

1. Ina da ƙaramar mota mai fulogi huɗu. Tsohuwa ce, amma ba ta taɓa kunyata ni ba, domin shekara goma sha ɗaya mutum ɗaya ke taɓa injinta: Malam Iro bakanike, mai rumfa a ƙarshen layinku. Wata Laraba kafin azumin da ya wuce ta tashi tana shaƙewa, ga shi zan je garin Babban Mutum duba yayata da ba ta da lafiya, Malam Iro kuma ya tafi ta'aziyya Mai'adua. Tun a sabis ɗin baya ya gaya mini fulogan sun gaji, har ya rubuta mini lambarsu a bayan kwalin ashana. Wannan kwali na kai shagon Alhaji Mamman, wanda kowa ya san surukinka ne.

Bai ko karɓi kwalin ba. Daga inda yake zaune ya hango motar, ya miƙa hannu baya ya zaro huɗu. Na ce lambar ba ɗaya ba ce. Ya ce, "Haba Malam, boko ya yi maka yawa. Zai hau." Na ce ban tambaya ko zai hau ba, na tambaya ko nasa ne. Ya yi dariya, ya ɗauko sifana ya ɗaura su da hannunsa a ƙofar shagon, a gaban mai shayin layin da mai faci. Suka kuwa hau. Laifina a nan shi ne na ji nauyin yi wa dattijo musu a gaban jama'a, kuma na amsa wannan laifi.

Ban yi rabin hanya ba inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a cikinsa, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta mutu. A-kori-kura ce ta jawo ni gida. Da aka buɗe injin, fistin ɗaya, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikinsa, ya huje.

2. Tunda a layinku an ce boko laifi ne, bari in faɗi abin da ke bayan kwalin fulogin da kuke sayarwa. Lambar da ke jikin fulogi ba ado ba ce. Tana faɗin kaurin zarensa, wato inda ake murza shi cikin inji, da tsawon zaren, da irin zafin da yake riƙewa. "Zai hau" kauri kawai yake amsawa. Fulogan da aka ɗaura mini sun fi nawa tsawo da kamar ƙwayar wake, kuma na injin da ba ya zafi irin nawa ne. Bakinsu ya leƙa cikin inji fiye da ƙima, ya yi jajir, ya riƙa kunna fetur kafin lokacinsa har fistin ya narke. Ba sai an je makaranta ba: a jera tsoho da sabo a tafin hannu, ko makaho ya shafa zai gaya maka.

3. Da a kan mota ne kawai, da ban ɗauki alƙalami ba. Ƙarfe ne, an gyara. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne abin da aka yi wa Malam Iro. Washegari Alhaji Mamman ya fara gaya wa duk wanda ya tsaya a shagonsa cewa tun a sabis Malam Iro ya kashe injin, wai tsufa ya kama shi, idonsa ya daina gani. A zaman da ka kira, ba ka gayyace ni ba, ba ka nemi mai shayi ko mai faci ba, ba ka ce a kawo fulogan ba. Ka yanke cewa "hannun bakanike ne." Mutumin da yake Mai'adua a zaman makoki ranar da aka ɗaura su!

Ka san yadda magana take tafiya a Daura. Kafin sati ya zagayo ta kai tasha, ta kai bakin Kusugu. Direbobin haya da suke layi a rumfar Malam Iro sun janye ɗaya bayan ɗaya. Na same shi kwanan nan zaune a kan benci yana goge sifanun da babu abin da ya ɓata su. Na ce mu je mu yi magana, ya ce, "Bar su, Malam. Wurinsu nake sayen kaya. In na yi faɗa da layi, ina zan sa kaina?" Shi yana tsoron ku hana shi kaya. Ni ba ku da abin da za ku hana ni.

4. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, da wuya Juma'a ta wuce ba a ja kunnen mai tauye mudu ba. Kai kanka a sahun gaba kake zama, na sha ganinka kana gyaɗa kai. To ina bambancin mai buga gindin mudu da mai miƙa abin da ya san ba shi aka nema ba, don kawai shi ne ya rage a shago? Mai hatsi tiya yake tauyewa. Ku kun tauye inji, sannan kuka tauye sunan mutum don ku rufe na farko. Idan shari'a ta tsaya a kasuwar hatsi ba ta shigo layin gareji ba, a sanar da mu.

Buƙatuna ba su da yawa. Na farko, ka sake kiran zama a fili, da ni, da Malam Iro, da shaidun nan biyu. Zan zo da fulogi takwas, tsofaffi huɗu da sababbi huɗu, da fistin ɗin, da kwalin ashana. Na biyu, Alhaji Mamman ya janye maganarsa da bakinsa, a ƙofar shagon da ya fara ta, da murya daidai da wadda ya yi ta da ita. Na uku, ku sa doka a layin: wanda ba shi da lambar da aka nema, ya ce babu. Kalma ce gajera, kuma ba ta taɓa huda fistin ba.

Ban nemi ko ƙusa ɗaya ba. Sunan Malam Iro nake nema a mayar masa. Idan Juma'a biyu suka wuce ban ji kira ba, zan kai kayan nan gaban alƙali, shi kuwa ba zai tambaya ko sun hau ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan suruki ne, ya sa ka gama shugabanci lafiya. Ranar da ciwo ya kai ka shagon magani da takardar likita a hannu, Allah ya tsare ka da mai miƙa hannu baya ya ce, "Sha kawai, zai shiga."

Wassalam.

Malam Habu,
tsohon ma'aikacin jarida, Daura.