Matar Babi Na Huɗu

Alƙahira, 3 ga Mayu, 1994

Malamina Dakta Ilhami,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Maskat.

An sa ranar da zan kare kundin digirina na uku, 28 ga wata. Kamata ya yi in yi murna, amma hankalina a tashe yake. Ka san yadda ake yi, zaure a buɗe, dangi su cika shi. Mahaifina ya gayyaci rabin ƙauyenmu, ya ɗauki hayar mota biyu daga Suhaj, kuma Umm Gaber tana cikin masu zuwa.

Ita ce matar babi na huɗu, wadda na canza wa suna. A gaban idonta maƙwabcinsu na gona ya harbe mijinta a bakin injin ban-ruwa, shekara goma sha tara ke nan. Ta ce wa kowa bindigar mijin ce ta tashi a hannunsa, don kada ɗanta ya girma ya ɗauki fansa. Ni kaɗai ta faɗa wa gaskiya, na rantse mata ba mai ji. Ɗan nata, Gaber, shi ne zai tuƙo mota ɗaya.

Jiya Dakta Fikri, da ke cikin masu jarraba ni, ya tare ni ya ce babin ya burge shi, har ya ja layi a wuraren da zai karanta wa jama'a. Ka ba ni izini in cire babin, don Allah.

Ɗalibarka,
Nagat

Maskat, 11 ga Mayu

'Yata Nagat,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau kafin takardarki ta zo.

Shekara biyar kina nazarin mutanen nan, ba ki gano cewa ba a hana su zuwa biki ba? In kin cire babin, kundi zai koma majalisar sashe, daga nan ta tsangaya, su kuwa ba za su zauna ba sai bayan hutu. Wa'adinki zai cika a Yuni. Za su ɗauke ki daga aji su kai ki ofishin rajista, ki tsufa kina buga hatimi. Na ga an yi wa waɗanda suka fi ki uwa a gindin murhu.

Fikri kuma, rabonmu da magana tun kwamitin ƙarin girma na tamanin da shida. In na roƙe shi ya tsallake wuri, sau biyu zai karanta.

Laifina ne a wani ɓangare. Kin so ki mai da injin ban-ruwan rijiya, na ce miki mai bincike ba ya yi wa gaskiya kwalliya. Na yi nadama. Ki ce wa mahaifinki zauren ƙarami ne. Zan iso ranar 27.

Ki gaida Alhaji.
Ilhami

Alƙahira, 20 ga Mayu

Malamina,

Bayan gaisuwa. Na faɗa wa mahaifina zancen zaure, ya yi dariya ya ce mutanenmu sun iya tsayuwa.

Na je wurin Dakta Fikri da kaina. Bai ko ce in zauna ba. Ya ce, "Ba kin canza suna ba? To mene ne? Ilimi ba a raɗa ake yin sa ba, ustaza. Ko Ilhami ne ya aiko ki?"

Ban iya rubuta wa Umm Gaber ba, don Gaber ke karanta mata wasiƙa. Sai na hau jirgin ƙasa. Na same ta a saman soro tana shanya ƙullin burodi a rana, na faɗa mata komai ina kuka. Na so ta zage ni, ba ta yi ba. Ta ce, "Ashe a takarda kika sa. Ni na ɗauka a cikinki kika ajiye."

Na roƙe ta ta kwanta ciwo ranar, ko Gaber ya zauna jinyarta. Ta ce, "Ya sayi sabuwar riga saboda ke. In na kwanta, ɗaukata zai yi ya sa a mota. Ke dai in malamin nan ya kai wurin a karatunsa, ki dube ni."

Ban san abin da take nufi ba. Tsoro nake ji, Dakta. Maƙwabcin yana raye, jikokinsa suna wasa a ƙofar gidansu Gaber.

Ka huta lafiya.
Nagat

Alƙahira, 6 ga Yuni

Malamina,

Da fatan ka koma lafiya. Kai ma ka ji guɗar da Umm Gaber ta ɓarke da ita daga layin gaba sa'ad da Dakta Fikri ya buɗe babin, sauran mata suka kama, har ya gaji da buga tebur ya rufe kundin. Na gode da ka yi kamar ba ka san komai ba. Makin da ya rage mini bai dame ni ba.

Yau da hantsi Gaber ya zo ofishina da ɗaurin rake. Ya kira ni Dakta, ya yi mini barka. Ya ce layi biyu kacal ya ji kafin mata su cika wurin, kuma tun yana yaro bai taɓa jin uwarsa ta yi guɗa a bikin kowa ba. Yana so in ba shi kwafi ɗaya. Na ce sun ƙare. Ya ce ai magatakarda ya gaya masa akwai a laburare, sai dai ba a gama jerawa ba. Zai dawo ranar Asabar, ya ce ba sauri yake ba.

Wassalam,
Nagat