Injin da Aka Bari a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu ma lafiya lau, Inna tana nan da faɗanta, shagon walda kuma ana taɓawa.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma maganar 'yarki Injiniya ce. Wata bakwai ta yi a bayan shagona tana haɗa injin busar da tumatir da hasken rana, har hannunta ya yi kanta. Da idona na ga kwando biyu sun bushe ƙarau a cikinsa. Da aka buɗe cibiyar tallafa wa masu ƙirƙira, aka ce kowa ya kawo abin da ya ƙera, wanda ya yi fice a ba shi ɗakin aiki na shekara guda. Muka ɗora injin a amalanke muka tura har can. A bakin ƙofa manajan ya tare mu, wai ƙafafun ƙarfe za su karce musu tayil, a bar shi a waje, ta nuna hotonsa a allo cikin minti uku. Na roƙe shi alƙalan su fito taku goma kacal su gani, ya ce ba ya cikin tsari. Yarinyar da ba ta iya surutu ba ta tsaya gaban mutane tana in-ina. Kin san wa ya ci? Wani mai kwat, da manhajar waya mai sanar da manomi cewa tumatirinsa ya fara ruɓewa. Shi manomin ba shi da hanci ne?

Da muka koma gida na ce wa Injiniya mai haƙuri yakan dafa dutse, ta ce ta gaji da hura wuta. Wai in yanka injin in yi wa tela benci da ƙarfen, ita ta gama da ƙira. Na ce sai mun ji daga bakinki, tunda ke kaɗai ce ba ta yi miki musu. Don Allah ki kira ta kafin Asabar. Shekara talatin ina yanka ƙarfe, ban taɓa ƙin karɓar zarto ba sai jiya da ta miƙo min shi da kanta.

Ki gaida maigidan, da 'yan biyu, da Autarki. Inna da uwar yara suna gaishe ki.

Ƙaninki,
Mai walda