Kaset ɗin Burma da Na Goge

Assalamu alaikum, tsohon angona,

Na san ba za ka karanta wannan ba, Kaka. Da ranka ma sai an karanta maka wasiƙa, kana gyara wa mai karatun kuskure. Amaryarka ce dai, wadda kake cewa ba ta iya dama kunu ba.

Muna Manchester ta Ingila yanzu, a unguwar Levenshulme. Ina da 'ya, Hanifa, shekararta tara, bakinka ta ɗauko. A nan duk Nuwamba mutane kan maƙala jan fure na takarda a ƙirji don tuna waɗanda yaƙi ya ci. Bana malamarsu ta ce duk mai kakan da ya je yaƙin duniya ya kawo labarinsa. Hanifa ta dawo da murna, don na taɓa gaya mata ka yi yaƙi a Burma.

Sai na duba, ba ni da komai. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Birmingham wajen Kawu Sani, autanka. Abin da ya tuna kawai, ka tsani naman gwangwani kuma ba ka barci idan ana ruwa. Ya ce ai akwai kaset ɗin da ya ɗauke ka kana ba da labarin duka, a nema a gida.

Kaka, kaset ɗin yana hannuna. Ina 'yar shekara sha huɗu na ɗora waƙoƙin Indiya a kansa, don ban sami sabo ba. Ban taɓa sauraren abin da ka faɗa a ciki ba. Ka rasu kana zaton labarinka na nan a ajiye, ni kuwa ko Kawu ban iya gaya wa ba.

Hanifa ta tambaye ni ko ka ji tsoro a dajin Burma. Me zan ce mata? Su wa kuka tafi da su, wa ya dawo? Wa kake kira da kake firgita cikin barci?

Jiya na samo rediyo mai kaset, na saka kaset ɗin na bar shi ya tafi har ƙarshe. Bayan waƙar ƙarshe sai ga tarinka, sannan muryarka kana ce wa Kawu ya kashe, ka faɗi duka. Iyakar abin da ya rage ke nan. Sau tara na maimaita, ina kewarka kamar yau aka fita da kai.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka.

Jikarka,
Rabi