Rodin da na bari a saman gidana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku sani ba lallashi na zo nema ba.

Ni dillalin siminti da rodi ne, da baro ɗaya na fara. A shekarun 1980 na sayi fili a unguwar Nasarawa ta Kaduna kusa da kogi, fadama ce aka cike da jar ƙasa. Maƙwabcina Injiniya Bulus, mai aiki a wata masana'anta a Kudenda, ya hana ni haƙa fandisho sai da aka huda ƙasar, abin da ya fito laka ce da yashi mai ruwa. Ya ce in ƙasa ta motsa, gidan da ke kan dutse kaɗan zai ji, irin wannan wuri kuwa ƙara girgizar yake yi. Da ya ga ban gane ba, sai ya ɗora kwanon tuwo da na koko a kan benci, ya buga bencin, tuwo ko gezau, koko kuwa har rigata. Na ce a Kaduna wa ya taɓa jin girgizar ƙasa? Ya ce shi ma bai taɓa ji ba, amma mai lissafin gini ƙasar wurin yake fara tambaya. Ya zana mini bene hawa ɗaya, ya ce ko ɗakin kaji kada in ƙara.

Na bi maganarsa, sai abu ɗaya. Ranar zuba dekin na sa birkila ya bar rodi tsaye a sama. Kun san mu, rodi a sama alama ce mai gida da sauransa, ni kuma mai sayar da rodi, ba zan yarda 'yan kasuwa su ce ƙarfina ya ƙare ba. Bulus ya yi ta faɗa, na ce ado ne kawai.

Bulus ya rasu. Yanzu babban ɗana Kabiru yana so ya ɗora hawa biyu. Ya kawo wani mai zane, mutumin ya kalli rodin nan ya ce ai dama don haka aka yi fandishon, kuma Kaduna ba yankin girgiza ba ne. Na ce a gwada ƙasa tukuna. Kabiru ya faɗa a gaban ƙannensa wai tsufa ne ya sa mini tsoro, wai Baba da bakinsa yana hanawa amma rodinsa na kira. Ga 'yan haya da 'ya'yansu a ƙasa, har da matar Bulus da ta kama haya a gidan bayan rasuwarsa.

Muddin ina numfashi bulo ɗaya ba zai hau ba, na kira mai walda ya zo ranar Asabar ya yanke rodin. Abin da nake tambaya, in yanke shiru su ce rigimar tsoho ce, ko in tara su in gaya musu rodin da suke taƙama da shi fariyar ubansu ce?