Ruwan Azurfarku da Goggona

Zuwa ga Shugaban kamfanin Ruwan Azurfa Mai Nano, Jimeta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ni ne Farfesa, shugaban masu binciken jini na Arewa maso Gabas baki ɗaya. Ina rubuto maka ne don jinjina.

Na ɗaya. Yaronka mai lasifika ya gaya wa kakata, Goggona Dudu, cewa a kwalbarku akwai ƙwayoyin azurfa ƙanana da ido ba ya gani, masu shiga jiki su ƙara wa sojojin jini ƙarfi. Madalla! Mu da muka sha rubutu, ko ba komai muna ganin baƙin tawada. Ku kun sayar da abin da ba a gani, an kuma yi godiya.

Na biyu. Tun ƙaramar sallah ta ajiye maganin hawan jininta na asibiti, wai naku ya isa. Yanzu ƙafa ta kumbura, kai na sara.

Na uku. Maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, nas ce, ta ce abin da ya kai wannan ƙanƙanta yana iya kutsawa cikin ƙwayoyin jiki ya taru a hanta, sojojin jinin su yi ta haɗiyarsa suna tayar da kumburi. Ta tambaya wa ya gwada naku. Na duba kwalbar, hoton zaki kawai na gani. Ashe zaki ne ya gwada.

Ranka ya daɗe, Goggon nan tawa da ƙafarta ta fito daga Mubi shekarar gudu, da jika a bayanta. Bindiga ba ta same ta ba. Kwalba ce za ta kai ta kabari?

Roƙona ɗaya. Ka aiko yaron nan da lasifikarsa ƙofar gidanmu a Vinikilang, ya ce ta koma kan maganinta. Ni da nas ba ta jin maganarmu, tasa take ji.

Af, na tuna. Mako uku ke nan na zubar da ruwanku na cika kwalbar da na randa. Goggo ta ce wannan zubin ya fi na baya ƙarfi.

Allah ya ƙara basira, ya sa ka fara shan naka kafin ka sayar.

Maganar Farfesa kuwa, a yafe ni. Bello ne, mai wankin keke a bakin gada. Ni ne jikan da ta goyo.

Wassalam.